Kondo a bakin teku a garin da babu hayaniya, ko otal: wanne ya fi wa mai iyali?

"Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema. Ni da maigidana muna so mu tafi hutun kwana 10 da yaranmu uku, ƙaramin shekararsa 3, kuma har da mahaifiyata za mu je, tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Ya ga wani gida a intanet wai shi kondo, a bakin teku yake a wani ɗan ƙaramin gari a ƙasa mai zafi, hotunan sun yi kyau sosai, yace garin shiru ne ba irin inda 'yan yawon buɗe ido ke cika ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba, otal na fi sabawa da shi. Wanne ya fi mana, kuma me za mu duba kafin mu biya?"

Wa alaikumus salam Hajiya. In na fahimce ki da kyau tambayar taki biyu ce a haɗe, ta farko ko kondo ya fi otal ga mutum shida da za su yi kwana 10, ta biyu kuma ko wannan kondon da Alhaji ya gani shi ne ya dace da ku. Aikina kenan kula da irin waɗannan gidaje a madadin masu su, ni ke miƙa wa baƙi makulli, ni ake kira da tsakar dare idan esi ya tsaya ko famfo ya ƙi kawo ruwa, don haka daga abin da nake gani a bakin aiki zan ba ki amsa. Ta farkon mai sauƙi ce, kondo ya fi muku. Ta biyun ce ke buƙatar zama, domin hotunan falo da gado ba su ne za su gaya muku yadda hutun zai kasance ba, watan da za ku je da irin gaɓar tekun da nisan asibiti su ne za su yanke hukunci.

Kondo fulat ne a cikin babban gini, kowane fulat da mai shi daban, amma matakala da lif da wurin ninkaya da wurin ajiye mota da maigadi na kowa da kowa ne, ƙungiyar masu gidajen ce ke kula da su daga kuɗin da kowa ke zubawa. Wannan tsarin shi ne tushen daɗinsa, shi ne kuma tushen matsalarsa. Za ku samu ɗakuna biyu ko uku, falo, kicin da firij, galibi da injin wanki, Mama ta samu ɗakinta ta kwanta da wuri, yara su yi barcin rana ba wanda ya takura wa wani, ki dafa mata abinci marar gishiri yadda likita ya ce ba sai kin tsaya roƙon kuku ba. A otal mutum shida ɗaki biyu ne ko uku, ga cin abinci a waje sau uku kullum, in aka haɗa lissafin kwana 10 da wuya otal ya zo da sauƙi. Amma fa babu resefshan, babu mai gyara gado kullum, babu wanda zai canja muku ɗaki in wani abu ya lalace, kuma a gini ɗaya za ki tarar da fulat ɗin da aka sabunta bara, ƙofa da ƙofa da wanda rabonsa da gyara an manta. Shi yasa idan kina karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa sauka, ki tabbatar kan wannan fulat ɗin suke magana ba kan ginin gaba ɗaya ba, kuma ki fi ba na watannin baya-bayan nan muhimmanci.

Watan da za ku je

Ba ki faɗi ƙasar ba, toh ba zan iya ce miki wata kaza ne daidai ba, amma ga yadda abin yake. Ƙasashe masu zafi rani da damina suke da su, kuma hotunan talla duk a rana mafi kyau ta rani ake ɗaukarsu. A yankin Karibiyan da gabashin Meziko da Fulorida lokacin guguwar teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. A kudu maso yammacin tekun Indiya, wajen Morishus da Madagaska, daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A gaɓar gabashin Afirka irin su Zanzibar da Mombasa babban ruwan sama tsakanin Maris da Mayu yake sauka. Kai ko a ƙasa ɗaya ma abin na bambanta, a Tailan ɓangaren Fuket yana shan ruwa daga Mayu zuwa Oktoba, alhali Ko Samui da ke ɗaya ɓangaren nasa ruwan ya fi yawa daga Oktoba zuwa Disamba. Idan kika ga farashi ya faɗi warwas a wani wata, akwai dalili, ki nemo dalilin. Ba wai damina ba ta zuwuwa bane, sau da yawa ruwan na awa ɗaya ko biyu ne da yamma gari ya washe, amma teku kan yi fushi a lokacin, sauro ya ƙaru, kuma a ƙaramin gari wasu shaguna da gidajen abinci rufewa suke yi ɗungurungum sai baƙi sun dawo.

Akwai kuma wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira sagasum, tun 2011 ta fara taruwa da yawan gaske a tekun Atilantika tana fitowa gaɓar Karibiyan da Meziko har da wasu gaɓoɓin yammacin Afirka, galibi daga wajen Afrilu zuwa Agusta. In ta kwana biyu a kan yashi sai ta fara ruɓewa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana tayar wa masu asma da ciwo, kuma a Karibiyan da Meziko gaɓar da ke kallon gabas ta fi samunta saboda can iska ke turo ta. Manyan otal-otal na da ma'aikata da motocin kwashe ta kullum da asuba, ɗan ƙaramin gari mai shiru sau da yawa ba shi da wannan ƙarfin. In can wajen gidan yake, ku ce wa mai gidan ya turo bidiyon gaɓar na wannan satin, ba na bara ba.

Tekun da ke ƙofar gidan

Nan ne zan fi daɗewa saboda yaran. Da farko ku buɗe Google Maps ku sa hoton tauraron ɗan adam ku ga ginin da idonku, domin masu talla na rubuta "bakin teku" ko da akwai titin mota tsakanin gini da yashi, ko gidan na can baya sai an leƙa ta gefen baranda ake hango ruwa. Titi tsakaninku da teku da yaro ɗan shekara 3 ba ƙaramin abu bane. Ku duba kuma ko yashi ne ko duwatsu, ko akwai bakin kogi kusa, don inda kogi ke shiga teku ruwan kan yi dauɗa bayan an yi ruwan sama kuma jansa na da ƙarfi.

Sannan ba kowane teku mai kyan gani ake shiga ba. Gaɓar da duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwa suka tare daga can ciki ko wadda ke cikin lungu ruwanta kwance yake, yara za su yi wasa a gefe, amma wadda ke fuskantar buɗaɗɗen teku kai tsaye raƙuman ruwanta na iya kayar da babban mutum. Abin da ya fi cin rayuka shi ne wata igiyar ruwa siririya da ke komawa ciki daga gaɓa, ruwan da raƙuma suka turo ne yake neman hanyar komawa sai ya taru ya bi ta wani ɗan rami tsakanin tudun yashi da gudu, wani lokaci gudun ya kai mita 2 a daƙiƙa, wanda ko gwanin ninkaya ba zai iya ja da shi ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciya, raƙuma na fashewa hagu da dama amma tsakiyar lumui, ruwan ya ɗan fi duhu, sai uwa ta ce yara ku je can ya fi lafiya. In ta ja mutum ba ƙasa take dannawa ba, ciki take kai shi, abin da ke kashewa shi ne firgita da ƙoƙarin komowa kai tsaye har ƙarfi ya ƙare. Abin yi shi ne mutum ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu a gan shi, in ya iya ninkaya ya yi gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta tunda ba ta da faɗi sosai, sannan ya juyo. Kuma wanda ke kan tudu kada ya faɗa ruwa haka nan don ceto, ya jefa abin da ke iyo ya yi ihu, mutane da yawa sun mutu ne wajen ceton 'ya'yansu. A ƙungiyar masu ceto ta Amurka sun ce sama da kashi 80 cikin 100 na ceton da suke yi a gaɓa mai raƙuma wannan igiyar ce sanadi. Toh a gari mai shiru akasari babu mai ceto ko ɗaya, babu tuta ja da za ta gargaɗe ku, don haka ranar farko kafin kowa ya tsoma ƙafa ku tambayi masunta ko maigadin ginin ina ake shiga ina ba a shiga, su ba sa ɓoyewa.

Ruwan teku kuma yana cika yana janyewa, a yawancin wurare sau biyu cikin kusan awa 24 da minti 50, shi yasa lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da cikarsa. A Karibiyan bambancin kaɗan ne da ƙyar za ki lura, amma a gabashin Zanzibar wajen Paje da Jambiyani ruwa na janyewa ɗaruruwan mitoci, ki tashi ki ga tekun ya yi nisa sai jiƙaƙƙen yashi. Jadawalin cika da janyewar yana intanet kyauta, ku riƙa dubawa, kada yara su bi yashi su yi nisa ruwa ya dawo ya zagaye su. Wanda ba na jadawali ba, wato ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko teku ya janye farat ɗaya ba lokacinsa ba, wannan alamar tsunami ce, wato gagarumar ambaliyar teku, a bar komai a nufi tudu. Ta 26 ga Disamba 2004 ta kashe mutum sama da 220,000, wasunsu sun tsaya kallon janyewar ruwan ne. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma sanin hanyar tudu minti biyar ne zai ɗauke ku.

Gaskiyar magana ma, abin da ya fi tayar min da hankali a irin gidajen nan ba tekun bane, wurin ninkayar ginin ne da baranda. Teku kowa na tsoronsa yana sa ido, amma wurin ninkaya sai a saki jiki, kuma yaro in zai nutse ba ya ihu ba ya fantsama ruwa, shiru abin ke faruwa cikin ƙasa da minti biyu. Ku tambaya ko an kewaye shi da shinge mai ƙofar da ke rufe kanta. Barandar kuma ku nemi hotonta na kusa, tazarar da ke tsakanin ƙarafunan kada ta wuce santimita 10, kada su zama a kwance yadda yaro zai taka kamar tsani, kuma da kun shiga ku janye kujeru da tebur daga jikinta.

Ginin da abin da gishiri ke yi masa

Iskar teku gishiri take ɗauke da shi, kuma ba abin da take bari. Esi da zai yi shekaru a cikin gari nan da nan yake tsatsa a bakin teku, makullai su cije, ƙofar gilas ta baranda ta ƙi zamewa, danshi ya sa funfuna a bayan kabad da cikin katifa. Fulat ɗin da aka rufe wata biyu ba kowa, kina buɗe ƙofa warin zai tare ki. Don haka ku tambayi yaushe aka yi wa esi sabis, kowane ɗaki na da nasa ko na falo ne kawai, kuma yaushe baƙo na ƙarshe ya fita. Ni duk mai gidan da ya amsa waɗannan dalla-dalla ba tare da jin haushi ba na fi yarda da shi a kan wanda ya cika saƙonsa da kirari.

Gishirin har cikin kankare yake shiga ya ci rodi, rodin in ya yi tsatsa sai ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. A 24 ga Yunin 2021 wani kondo mai hawa 12 ya rufta a Safsaid da ke Fulorida mutum 98 suka rasu, kuma tun 2018 wani injiniya ya rubuta rahoton cewa akwai babbar lalacewa a kankaren da ke ƙarƙashin wurin ninkayar ginin. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba, ni ba injiniya bane kuma baƙon kwana 10 ba zai binciki gini ba, amma in kika ga rodi a waje yana zubar da jan ruwa a jikin ginshiƙai, ko an tokare silin ɗin wurin ajiye motoci da ƙarafa, wannan ya ishe ku dalilin neman wani wuri.

Maganar hawa kuma saboda Mama. Hawa na sama ya fi iska da kyan kallo da ƙarancin sauro, amma in lif ya tsaya, kuma a ƙananan garuruwa wuta na ɗaukewa mai gyaran lif ɗin ma daga wani gari zai zo, mai ciwon gwiwa ta zama fursuna a hawa na shida. Hawan ƙasa kuma ya fi danshi da ƙwari da masu wucewa suna leƙe, ga yaro na iya sulalewa ya fita. Da ni ne hawa na ɗaya ko na biyu zan ɗauka. Ku tambaya ko akwai janareto kuma me yake ɗauka, don wani fitilun matakala da famfon tura ruwa kawai yake kunnawa banda esi. Ku tambayi ruwa ma, a garuruwan gaɓa da yawa ruwan rijiya zartsi ne, na wanka ne kawai, na sha sai na roba. In fulat ɗin yamma yake kallo za ku sha kallon faɗuwar rana amma falon zai gasu daga azahar, in gabas ne rana za ta tashe ku da sassafe sai dai yammacinku da sanyi. Ku duba irin soket da ƙarfin wutar ƙasar, yawancin nahiyar Amurka 110 zuwa 127 ne, mafi yawan Afirka da Asiya 220 zuwa 240.

Shirun garin

Shirun da Alhaji ke so gaskiya ne kuma yana da daɗi, dare ya yi ba ki jin komai sai ruwa, amma abin da ya kawo shirun shi ne nisa, kuma nisan nan bai tsaya kan masu hayaniya kaɗai ba, ya haɗa da asibiti da kemis da ATM da babban kanti. Da mai hawan jini a tafiyar, kafin ku biya ko sisi ku nemo asibiti mafi kusa da ke karɓar gaggawa dare da rana, ku auna tafiyar a mota, ku tambaya ko ana samun tasi da ƙarfe biyun dare. In ya wuce awa ɗaya, ko sai an hau jirgin ruwa, ni a ganina ku nemi wani garin, akwai garuruwa masu shiru da ke minti 20 ko 30 daga babban gari, su ne daidai da iyali irin naku. Maganinta ku tafi da wanda zai wuce kwanakin, a jakar hannu, cikin kwalinsa tare da takardar likita, da na'urar awon jini. Ta ga likitanta kafin tafiya domin zafi da zufa na taɓa masu shan maganin da ke sa fitsari, shi ne zai faɗi abin da ya dace da ita ba ni ba. Ku yi inshorar tafiya kuma ku bayyana ciwon nata a takardar, in an ɓoye ba za su biya ba.

Sauro ma ba na dare kaɗai bane. Mai kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da safe da kuma dab da magariba, kuma a cikin ruwa mai tsabta da ya kwanta a tukunyar fulawa ko bokiti yake haihuwa, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba sai da maganin shafawa mai sinadarin korar sauro da ake kira DEET da raga a tagogi. In zazzaɓi ya kama wani, farasitamol kawai a bayar a tafi asibiti, banda asfirin da ibufurofen don suna ƙara haɗarin zubar jini in dengi ne. Rana kuma tsakanin 10 na safe da 4 na yamma ku ja yara inuwa, yashi da ruwa na maido da hasken, baƙar fata ma tana ƙonewa, man kariya mai lamba 30 ko sama a sake shafawa duk awa biyu da bayan an fito daga ruwa.

Ranar isowa ku tsaya a babban kanti a hanya ku yi sayayyar kwana uku kafin ku ƙarasa, kuma ku yi ƙoƙari ku isa da rana. Baƙin da suka fi ba ni tausayi su ne masu isowa goman dare da yara da yunwa, firij wayam, gari ya rufe tun takwas. Ku nemi dokokin ginin a rubuce tun kafin ku zo, wasu na ƙayyade yawan mutane a fulat har da jarirai, wasu na hana shanya a baranda, a gaɓar da kunkurun teku ke yin ƙwai kuma ana hana kunna fitilar baranda da dare a lokacin, saboda 'ya'yan in sun ƙyanƙyashe haske suke bi sai su nufi gini a maimakon ruwa.

Wajen biya

Ku duba jimillar ƙarshe ba kuɗin kwana ɗaya ba, domin akwai kuɗin shara da na manhaja da harajin baƙi da kuɗin ajiya na ko an fasa wani abu, wasu masu gidan kuma mita suke karantawa ku biya wutar da kuka sha, wanda da esi uku ba kaɗan bane. Ku biya ta cikin manhajar kawai, Airbnb ne ko Booking.com ko Vrbo, duk wanda ya ce ku fito waje ku tura masa kai tsaye zai rage muku, ku rabu da shi, ta nan ake damfarar mutane da hotunan gidan da ba nasu ba. Ku zaɓi wanda ake iya sokewa a maido da kuɗi ko da ya ɗan fi tsada, musamman in lokacin guguwa ne ko ganin akwai dattijuwa a tafiyar. Da kun shiga ku ɗauki bidiyon ko'ina kafin ku buɗe jaka, in akwai abin da ya saɓa wa talla ku rubuta wa mai gidan a cikin manhajar nan take, a Airbnb awa 72 ake bayarwa daga lokacin da aka ga matsalar, kuma tun ƙarshen Afrilun 2024 sun hana sa kyamara a cikin gida kwata-kwata, in kun ga ɗaya ku kai ƙara. Ku kuma karɓi lambar wayar wani mutum da ke cikin garin wanda zai iya zuwa da ƙafarsa, don mai fulat ɗin sau da yawa yana wata ƙasar daban.

In kin turo sunan ƙasar da watan da kuke son tafiya, da hoton ginin daga sama, zan duba miki inda gaɓar ke kallo da asibitin da ya fi kusa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya kai ku lafiya.